Ƙarar Injin a Dandalin Rawa: Tarihin Ƙungiyar Front 242 ta Ƙasar Beljiyam

Manazarta adabin baka sun daɗe da yarda cewa wani babban kaso na kiɗan ɗan'adam daga bakin aiki ya fito. Matan da ke lugude ba su buƙatar makaɗi, domin taɓarya da turmi sun ishe su, haka kuma maƙeri yana da karinsa tsakanin masaba da uwar maƙera da zugazugi. To, idan aikin ya bar hannun mutum ya koma cikin injin, wane irin kiɗa zai haifar? Idan kuma masana'antar da injin ɗin yake ciki ta mutu, aka kulle ƙofarta aka sallami leburori, me 'ya'yan leburorin nan za su riƙa taka rawa da shi? A wannan maƙala za mu bi tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Beljiyam mai suna Front 242, wadda ta shafe shekara arba'in da 'yan kai tana amsa wannan tambaya da na'urorin lantarki. Za kuma mu dubi zargin da ya bi ta tun tana ƙarama, wato cewa kiɗanta da shigarta suna ƙawata mulkin kama-karya.

Tushen al'amarin

Ba 'yan Beljiyam ne suka fara tunanin mayar da ƙara kiɗa ba. Tun a 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya fitar da wata takardar manufa inda ya ce kunnen mutumin birni ya riga ya saba da rugugin jirgin ƙasa da na masaƙa, saboda haka goge da sarewa sun yi masa kaɗan. Har akwatuna ya ƙera masu fitar da gurnani da ƙugi da kururuwa. A 1948 Pierre Schaeffer, wani injiniyan gidan rediyon Faransa, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a faifai, ya yayyanka ya harhaɗa, ya kira abin da ya samu kiɗa. Waɗannan duk aikin masana ne, na ɗakin gwaji da zauren 'yan boko, babu wanda ya yi rawa da su.

Cikin shekarun 1970 ne abin ya fito titi, ta hanyoyi biyu. Ta farko ta Jamus ce, inda ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf ta riƙa yin kiɗa mai tsabta da tsari da na'urori zalla, tana waƙe babbar hanyar mota da jirgin ƙasa da rediyo cikin natsuwa. Ta biyu ta Ingila ce, kuma ita ba ruwanta da tsabta. Ƙungiyar Throbbing Gristle, wadda ta kafu a 1975, ta buɗe kamfanin faifai mai suna Industrial Records, daga nan ne wannan salo ya samo sunansa na kiɗan masana'antu. Manufarsu su tayar wa mai sauraro da hankali, su cika masa kunne da ƙara da maganganun kisa da azaba. A Sheffield, garin ƙarfe, Cabaret Voltaire suna ta yanka kaset suna liƙawa. Kafin a shiga 1981 sai ga wasu samari biyu a Jamus da ake kira DAF sun tuɓe kiɗan daga duk wani ado, suka bar ganga da amon ƙasa mai maimaita kansa da murya mai ba da umurni. A wannan mahaɗa ce Front 242 ta tsiro.

Ƙasar da ta haife su

Wajibi ne mu ɗan tsaya a kan Beljiyam kanta, domin ba za a fahimci kiɗan ba sai an san ƙasar. Ita ce ta fara bin sawun Ingila wajen kafa manyan masana'antu a nahiyar Turai. John Cockerill ya kafa ma'aikatarsa ta ƙarfe a Seraing a 1817, kuma a 1835 jirgin ƙasa ya fara jigilar mutane tsakanin Burasels da Mechelen. Kwal da ƙarfe su ne suka ciyar da yankin Waloniya, masu magana da Faransanci, sama da shekara ɗari. Amma kafin 1980 wannan arziki ya kama hanyar ƙarewa. Ramin kwal na ƙarshe a Waloniya an rufe shi a 1984, na ƙarshe a duk ƙasar kuwa, wanda ke Zolder, a 1992. Samarin da suka tashi a wannan zamani sun ga bututan hayaƙi a tsaye, amma babu hayaƙi.

Bugu da ƙari, Burasels ita ce mazaunin hedikwatar ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1967, a daidai lokacin da Yaƙin Cacar Baka ke kan ganiyarsa. A watan Oktoba na 1983 ɗaruruwan dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin don ƙin amincewa da girke makamai masu linzami na Amurka, amma duk da haka a Maris na 1985 aka sauke guda 16 a sansanin Florennes. Tsakanin 1984 da 1985 wata ƙungiyar 'yan gurguzu mai suna CCC ta yi ta dasa bama-bamai, har da bututan mai na NATO, kuma ranar 1 ga Mayu 1985 bam ɗinsu ya kashe 'yan kwana-kwana biyu. A gefe guda wasu 'yan bindiga da aka laƙaba wa sunan yankin Brabant sun kashe mutum 28 tsakanin 1982 da 1985, akasari a manyan kantuna, ba tare da sun ɗauki wani abin kirki ba, kuma ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Ranar 29 ga Mayu 1985 mutum 39 suka mutu a filin ƙwallo na Heysel, duniya tana kallo a talabijin. Wannan ita ce ƙaramar ƙasar da ake ɗauka ta cakulan da zaman lafiya ce.

Kafuwa da kayan aiki

A 1981, a garin Aarschot kusa da Leuven, Daniel Bressanutti da Dirk Bergen suka kafa ƙungiyar, suka fitar da ƙaramin faifansu na farko mai suna Principles. A Burasels kuma akwai wasu biyu, Patrick Codenys da Jean-Luc De Meyer, masu irin wannan ra'ayi, sai aka haɗe a 1982, shekarar da babban faifansu na farko, Geography, ya fito. Bergen ya janye a 1983, Richard Jonckheere, wanda aka fi sani da Richard 23, ya shigo. Waɗannan huɗun su ne ƙungiyar har ƙarshenta. Kalmar farko ta sunansu an zaɓe ta ne domin ana gane ta a harsuna da dama, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da Filamanci da Faransanci ke zaman doya da manja. Lambar 242 kuwa mutane sun yi ta danganta ta da ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1967 kan rikicin Larabawa da Isra'ila, su kuma suka ce fasalinta a rubuce ne ya burge su. Da Ingilishi suka yi waƙoƙinsu, harshen da ba na kowa ba ne a cikinsu.

Ba su da jita, ba su da ɗan ganga. Kayan aikinsu iri huɗu ne. Akwai sintasaiza, wato na'urar da ke ƙera sauti daga wutar lantarki ba tare da tsirkiya ko fata ba. Akwai injin ganga, wanda ake shirya masa kari ya yi ta bugawa ba gajiya ba kuskure. Akwai na'urar jera sauti, wadda ke riƙe da jerin amo tana maimaita shi kamar zaren saƙa. Sa'an nan akwai samfula, na'urar da ke tsintar ɗan guntun sauti daga rediyo ko fim ko jawabi, ta ajiye shi, a riƙa kaɗa shi da yatsa kamar kowane amo. Da aka fito da tsarin MIDI a 1983, wanda ya ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar bin umurnin juna, sai ya zama mutum biyu a ɗaki ɗaya suna iya tayar da ƙurar da a da sai rundunar makaɗa.

A jikin faifansu na 1984, No Comment, suka rubuta sunan da suka ba salonsu: Electronic Body Music, wato kiɗan lantarki na motsa jiki, wanda aka taƙaita zuwa EBM. Ralf Hütter na Kraftwerk ya riga su furta kalmomin a wata hira a 1977, amma su ne suka mayar da su tuta. Zubin kiɗan ba boyayye ba ne: bugu huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa, amon ƙasa mai sauri da ke yanka kamar almakashi, ƙarar ƙarfe a madadin kuge, da muryoyi biyu. De Meyer yana jan baiti da murya mai kauri da sanyi, Richard 23 yana karɓa da tsawa. Mai nazarin waƙar baka zai gane tsarin jagora da 'yan amshi nan take, sai dai a nan amshin ya fi kama da na sajan a filin fareti.

Zargin da ya bi su

A kan dandamali ne rigimar ta taso. Sukan fito da baƙin tabarau da rigunan sulke irin na sojan kundumbala, a rataye ragar ɓad-da-kama a bayansu, a cika zauren da hayaƙi da walƙiyar fitila. Bressanutti ma ba ya hawa dandamalin, yana can cikin jama'a a teburin sarrafa sauti kamar kwamanda a bayan fage. Ga kuma sunayen waƙoƙi masu warin barikin soja. A ƙasar da Jamusawa suka mamaye sau biyu cikin ƙarni ɗaya, wadda kuma ta san zafin waɗanda suka haɗa baki da Hitila, ba abin mamaki ba ne da wasu 'yan jarida suka kira su 'yan fasist. Ƙungiyar ta musanta wannan a kowane lokaci. Hujjarsu ita ce su madubi ne: abin da talabijin ke zuba wa mutane a falo kowane dare, na yaƙi da ta'addanci da farfaganda, shi suke tattarawa su mayar wa jama'a da ƙarfi, ba tare da sharhi ba. Sunan faifan nan na 1984 ma abin da yake nufi ke nan, wato babu sharhi.

A ganinmu wannan hujja tana da ƙarfi, tana kuma da rami. Ƙarfinta yana cikin ayyukan kansu. A waƙar Funkahdafi ta 1985 sun tsinci muryar Mu'ammar Gaddafi na Libiya suka ɗora a kan karin rawa, a lokacin da kafofin labaran Yamma suka mayar da shi dodo. Ba yabonsa suka yi ba, ba kuma zaginsa suka yi ba, sun dai nuna yadda ake mayar da shugaba kayan nishaɗin allo. A Welcome to Paradise ta 1988 sun yayyanka wa'azin wani mai bishara na talabijin ɗan Amurka, suka maimaita alkawuransa har suka fito da kamarsu ta tallar haja. Duk wanda ya bi waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya ba zai sami inda suka zagi wata ƙabila ko suka yi kiran a bi wani shugaba ba. Ramin kuwa shi ne, madubi ba ya sa mutum rawa. Idan aka tara samari dubu a ɗaki mai duhu, aka sa su taka ƙafa lokaci guda bisa umurnin mai rigar soja, daɗin da suke ji na zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya daɗi ne na gaske, kuma shi ne ainihin daɗin da masu mulkin kama-karya suka san yadda ake sayarwa. Mai zambo yakan tsaya nesa da wanda yake yi wa zambo domin a gane shi. Su kuwa sun shiga rigar abin har wuya, suka bar wa mai kallo aikin rarrabewa. Mafi yawan masu saurarensu sun rarrabe. Cewa kowa ya rarrabe, wannan ba za mu iya rantsuwa a kai ba. Irin wannan tuhuma ta faɗa wa DAF saboda waƙarsu mai ɗauke da sunan Mussolini, ta kuma faɗa wa Laibach ta tsohuwar Yugoslabiya, waɗanda suka fi kowa nisa a wannan wasa da wuta.

Ganiya

Abin da ya fitar da su daga Turai wani shagon faifai ne a Shikago mai suna Wax Trax!, na Jim Nash da Dannie Flesher, wanda ya rikiɗe ya zama kamfani. A 1984 suka je Amurka suna buɗe wa ƙungiyar Ministry fage, har Richard 23 ya haɗu da Al Jourgensen da Luc Van Acker suka kafa wata ƙungiyar gefe. A 1987 faifan Official Version ya fito, suka kuma bi Depeche Mode rangadi a Turai, inda dubban da ba su taɓa jin sunansu ba suka gan su.

Shekarar 1988 ita ce ƙololuwa, da faifan Front by Front da waƙar Headhunter. Ya kamata mu ɗan dakata a kan wannan waƙa, domin ita ce amsa mafi kyau ga masu cewa ba su da jigo sai tsawa. Kalmar tana da harshen damo: tana nufin mafaraucin kawunan mutane na tatsuniyoyin Turawan mulkin mallaka, tana kuma nufin dillalin da kamfanoni ke biya ya farauto musu ƙwararrun ma'aikata. De Meyer ya yi aiki a kamfanin inshora, ya san wannan duniya daga ciki. Mai magana a waƙar yana bayyana sana'arsa ta kama mutum ya sayar cikin kwanciyar hankali, amshin kuma yana ƙirga matakan farautar guda huɗu kamar darasin makaranta. Babu bindiga a nan, babu bariki. Ofis ne da kwat da taye. Anton Corbijn ne ya ɗauki hoton bidiyon a Burasels, ya cika shi da ƙwai, har ana ba da labarin cewa kuskuren ji ne ya sa ya ɗauka farautar ƙwai ake nufi. A cikin hoton ana ganin Atomium, ginin nan mai ƙwallaye tara da aka yi don baje kolin duniya na 1958. Wurin yana da tarihi biyu da suka shafi zancenmu. A wannan baje koli ne aka saki kiɗan lantarki na Edgard Varèse ta ɗaruruwan lasifikoki a rumfar kamfanin Philips, a nan ne kuma aka kafa wani ƙauyen nuni aka zuba mutanen Kwango a ciki domin 'yan kallo, shekara biyu kafin ƙasarsu ta sami 'yanci. Ko da gangan aka zaɓi wurin ko ba da gangan ba, waƙar farautar mutane ta sami inuwar da ta dace da ita.

A daidai wannan lokaci wani reshe ya tsiro a gida. Masu sa faifai a gidajen rawa na Antwerp da kewayen Ghent suka gano cewa idan aka ɗauki faifan da aka yi don ya juya sau 45 a minti, kamar Flesh na ƙungiyar A Split-Second, aka rage shi zuwa 33 da ɗan ƙari, sai kiɗan ya yi nauyi ya yi jan ciki. Aka kira wannan New Beat, ya cinye ƙasar tsakanin 1987 da 1989, sa'an nan ya mutu da sauri kamar wutar kara, amma ya share wa kiɗan tekno na Beljiyam hanya.

Kasuwa da abin da ya biyo baya

Nasara ta jawo manyan 'yan kasuwa. Faifan Tyranny For You ya fito a farkon 1991, daidai da ɓarkewar Yaƙin Tekun Fasha, a ƙarƙashin kamfanin Epic a Amurka, ya kuma shiga jerin faifai 100 da suka fi kasuwa a can. Yaƙin da aka riƙa nunawa kai tsaye a allo kamar wasan yara, da hotunan bama-bamai masu bin saiti, ya zo ya tarar da su sun shekara goma suna kwatanta shi. Amma kasuwar Amurka jita take so. Ministry da Nine Inch Nails, waɗanda suka sha daga rijiya ɗaya da su, suka zuba jita mai ƙara a kan injin ganga, suka sayar da faifai miliyoyi. Front 242 ta yi ƙoƙarin bin iskar a 1993 da faifai biyu a shekara ɗaya, ɗaya da jita, ɗaya da muryar mace, suka kuma shiga rangadin Lollapalooza. A nan aka ga iyakar abin. Kiɗan da aka gina don ɗaki mai duhu da hayaƙi, sai ga shi a fili da rana tsaka a gaban matasan da suka zo ganin masu jita. Tsofaffin masoya suka yi gunaguni, sababbin kuma ba su zo da yawa ba. Wax Trax! kanta ta karye a 1992, wani kamfani ya saye ta, Jim Nash ya rasu a 1995.

Bayan ɗan hutu, inda kowa ya kama aikin gefe, suka dawo a 1997 da ɗan ganga na gaske, Tim Kroker, suka sake wa tsofaffin waƙoƙi zubi irin na tekno. Abin lura ne cewa ƙungiyar da ta yi suna da korar ɗan ganga ita ce ta koma ta ɗauko shi. Babban faifansu na ƙarshe na sababbin waƙoƙi, Pulse, ya fito a 2003. Daga nan sai suka zama ƙungiyar dandamali, suna zagaya bukukuwan kiɗa a Jamus da Amurka da sauran wurare sama da shekara ashirin, yayin da sababbin masu sa faifai a gidajen rawa na Balin suka tono salon EBM suka mayar da shi sabo ga yaran da ba a haifa ba lokacin da Headhunter ta fito. A 2024 suka sanar da rangadin ban-kwana, suka sa masa suna Black Out, wato ɗaukewar wuta. A watan Janairu na 2025 suka yi wasanninsu na ƙarshe a zauren Ancienne Belgique da ke tsakiyar Burasels, dukansu sun haura shekara sittin, a gaban jama'ar da wasu cikinta suka zo da 'ya'yansu.